Tambayar da Ba Mu Muka Rubuta Ba

Alhamis, da safe

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya ba. Na gaji da maimaita shi. Na faɗa wa Manaja, na faɗa wa matar ofishin kula da ma'aikata, na faɗa wa Baban yara har ya fara gyangyaɗi. Abin da zan rubuta kawai shi ne yau ranar aiki ce, kowa ya fita, ni kuwa ina zaune a gaban kwamfutar da ta daina amsa lambar sirrina.

Wai in ɗan huta tukuna. Ni na ce musu na gaji? Shekara da shekaru ina karanta rahoton binciken magani mai kaurin bulo, in tace shi, in mayar da shi maganar da likita da nas za su fahimta kafin shayinsu ya huce. Ni ke shirya wa manyan likitoci shafukan da suke haskawa, ni ke gabatar da su a taron ƙara wa juna sani ta intanet, in yi ta yi wa kyamara murmushi har kumatuna su yi tsami. Ina jego ma sai da aka turo mini aiki. Lokacin ba wanda ya ga ina bukatar hutu.

Manaja ta ce za su zauna su duba ko zan dawo. Ko zan dawo! Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ina tsoro, tunda ban iya wata sana'ar ba.

Alhamis, da yamma

Mama ta kira. Ta ce maƙwabciyarta na son in duba mata wata ƙwaya da aka rubuta mata. Na ce, "Mama, na sha faɗa miki ni ba likita ba ce." Ta ce, "To ai ke kike koya wa likitocin magana a kwamfuta." Ban gaya mata komai ba.

Juma'a, da hantsi

Tunda takarda ba ta kai ƙara, bari in rubuta yadda muke aiki. Ba abin da ya faru ba, yadda muke aiki kawai.

Kamfanin magani shi ke ɗaukar nauyin taro. A ƙarshen kowane taro akwai lokacin tambayoyi. To tambayoyin nan mu muke rubuta su tun mako guda kafin ranar, kamfanin ya duba ya amince, mai jawabi ya haddace amsa. Ranar taro sai in karkata kai gefen allo kamar yanzu saƙo ya shigo, in ce, "Ga wani likita yana tambaya." Babu wani likita. Likitocin da na ƙirƙira da bakina sun fi waɗanda wasu makarantun suka yaye. Tambayoyin mutanen gaske kuwa wani akwati suke faɗawa, wanda ni kaɗai nake gani. Dokar ita ce in gode musu, in ce lokaci ya ƙure, za a amsa ta imel. Kowa a sana'ar nan ya san haka ake yi, kuma yawanci ba a cuci kowa ba, don tambayoyin gasken ba sa wuce "yaushe za a ba mu takardar shaidar halarta".

Sai shekaranjiya wata nas ta rubuta tata. Na tsallake. Ta sake rubutawa. Na tsallake. Ta kuma rubutawa, wannan karon da "don Allah" a gaba da baya. Tsofaffi take jinya, kuma ta lura waɗanda aka ɗora a kan maganin suna jiri, wasu har sun faɗi.

Na karanta tambayarta a fili. Iyakar laifina ke nan.

Farfesa, wanda ke jawabin, ya cire tabarau ya ce shi ma ya taɓa ganin haka, a dakatar da maganin ga irin waɗannan, a duba su, a kai rahoto. Bai gama rufe baki ba kyamarar wakilin kamfanin maganin ta mutu.

Ga shi na rubuta bayan na ce ba zan rubuta ba.

Asabar, da rana

Na wanke labulayen gidan nan kaf. Ba su yi datti ba.

Litinin, da safe

'Yar Murmushi ta turo saƙo. Ita ce teburinta ke manne da nawa a ofis, cokalinmu ɗaya, kuma ban taɓa ganin ta ɓata rai ba ko da an zage ta, shi ya sa na sa mata sunan. Saƙon ya ce, "Yaya, ina tare da ke." Na rubuta mata, "Tare da ni a ina? Ban gan ki a falona ba." Sai na goge, na tura mata "na gode".

Baban yara ya ce kada in zauna jiran hukuncin Manaja, in fara shiga tarukan 'yan sana'armu ko Allah zai haɗa ni da wani aikin. Shi malamin makaranta ne, a ganinsa duk inda aka taru ana jawabi to alheri ne. Na ce masa, "Kai ba ka san mu ba. Mu ba mu da yawa, in mutum ya yi atishawa a wannan kamfani, a wancan za a ce masa sannu." Ya ce, "To ki je su ce miki sannun." Na harare shi, ko a jikinsa.

Talata, da yamma

Na shiga. Wallahi da ban shiga ba.

Taro ne da ƙungiyar marubutan harkar lafiya ke yi duk mako, kyauta. Awa guda ana jawabi, sannan kwamfuta ta watsa mutane cikin ƙananan ɗakuna, huɗu-huɗu ko biyar-biyar, a gaisa, a yi musayar lamba. A nan ake samun aiki, ba a talla ba. Na yi kwalliya daga wuya zuwa sama, na kau da kwandon wanki daga bayana, na kunna kyamarar wayata.

Taken jawabin yau: gaskiya da riƙon amana a aikinmu. Mai jawabi: Manaja.

Na kusa shaƙewa da ruwan da nake sha. Ga ta nan da tabaranta mai igiya, tana cewa marubucin lafiya shi ne gada tsakanin bincike da marar lafiya. Har da ɗora hannu a ƙirji. Mutane sai turo hoton tafi suke yi. Da aka zo tambayoyi, mai gabatarwa ya karkata kai gefe ya ce ga wata matashiya tana tambayar yadda za ta zama kamar Manaja. Na yi tsaki mai ƙarfi, Allah ya taimake ni makirfona a kashe yake.

Aka jefa ni ɗaki da mutum huɗu. Biyun farko na san su, ɗaya ma ni na taɓa haɗa shi da wani aiki lokacin da yake yawo da takardunsa. Ina faɗin sunana sai ya ce intanet ɗinsa na rawa, hotonsa ya ɓace. Ɗayar ta ce tana da wani taron. Na uku, wani mai gemu da ban sani ba, ya matso da fuskarsa har ina ganin cikin hancinsa, ya ce, "Af, ke ce ta ranar Laraba?" Na ce ni ce. Ya ce, "Kai, kin yi ƙoƙari," da irin muryar da ake yi wa mai zaman makoki. Na tambaye shi ko kamfaninsu na neman marubuci. Ya ce zai duba. Bai nemi lambata ba.

Ta huɗun 'Yar Murmushi ce. Kyamararta a kashe tun farko, sunanta kawai ke rubuce a baƙin akwati. Na gaishe ta, shiru. Muka zauna ni da sunanta har kwamfuta ta mayar da mu babban ɗaki.

Laraba, da safe

Ta ranar Laraba. Duk shekarun nan, abin da ya rage mini a bakin mutane ke nan.

Alhamis, da rana

Nas ɗin ta nemo ni. Ta ga sunana a sanarwar taron, ta bi ni har shafin da ma'aikata ke sada zumunci, ta roƙi lambata. Na so in share, don gaskiya haushinta nake ji. Amma na ba ta.

Muryar babbar mace ce, a gajiye, ana ta kiran ta daga baya. Ta ce, "'Yar'uwa, Allah ya saka miki. Na halarci irin taron nan ba adadi, ban taɓa jin an karanta tambayata ba. Har na ɗauka akwatin nan rijiya ce." Dariya ta kuɓuce mini ban shirya ba.

Ta ce ta kai wa likitan ɗakinsu maganar, ya ce tsufa ne, tsoho dama jiri ba ya rabuwa da shi. Ta ce masa ai Farfesa da kansa ya ce a dakatar a duba. Ya ce to ta kawo bidiyon ya gani da idonsa. "Shi nake jira," in ji ta. "Yaushe za ku sake shi?"

Na ce ba da daɗewa ba. Ban ce mata an dakatar da ni ba. Me zan ce? Ta tambaya ne don aikinta, ba ita ta kashe mini lambar sirri ba.

Juma'a, da yamma

Na kira ofishin Farfesa. Sakatariyarsa ta ce yana taro. Na sake kira, ta ce ya yi tafiya. Mutumin da in aka ba shi makirfo sai an roƙe shi yake saki.

Lahadi, da rana

Mama ta zo. Ta ga kwamfuta a rufe da kyalle, ta ce yau kuma likitocin hutu suke? Na ce e. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce na rame. Na ce zafi ne.

Litinin, da hantsi

Manaja ta kira, murya kamar zuma. Wai sun zauna, kamfanin maganin ya sauko, kowa na son a wuce wurin. Zan iya komawa bakin aikina. Abu ɗaya ne kawai ɗan ƙarami.

Kafin a saki bidiyon kowane taro dama akan gyara shi, a cire tari da inda intanet ta katse. To wannan karon za a cire wurin nan, a sake ɗaukar wani a liƙa. Ni in karanta tambayar da aka shirya tun farko, ta yadda ake ajiye maganin a lokacin zafi. Farfesa har ya riga ya ɗauki tasa amsar, da kwat ɗin da ya sa ranar, a kujerar da ya zauna ranar. Saura ni. In zo ranar Alhamis da mayafin da na yafa, shuɗin nan, don kada a ga bambanci.

Na ce, "Maganar jirin fa?"

Ta ce, "An tura wa sashen da ke karɓar irin wannan rahoton, kamar yadda doka ta ce. Su za su bincika. Mu ba aikinmu ba ne mu tsorata mutane da abin da ba a tabbatar ba."

Abin haushin, maganarta ba duka ce ƙarya ba. Na san ana tura rahoto. Na kuma san watannin da yake ɗauka.

Na ce zan yi tunani. Ta ce, "Ƙanwata, ba abin tunani ba ne, minti biyu ne." Yau na zama ƙanwarta.

Litinin, da yamma

Baban yara ya ce in yi. Ya ajiye littattafan da yake dubawa, ya ce, "Ki je ki karanta musu abinsu, ki karɓi aikinki, sannan ki kira nas ɗin a gefe ki gaya mata gaskiya. Kin ga ba wanda ya rasa."

Na ce, "Likitan bidiyo ya ce a kawo masa, ba gaisuwata ba."

Ya ce, "To in kin ƙi, bidiyon zai fita da tambayar ne? Wani za su sa. Ke ce kawai za ki tashi a tutar babu."

Na ce masa bai da zuciya. Ya ce zuciya yana da ita, yara ma yana da su. Na shige ɗaki na buga ƙofa. Na fi jin haushinsa in ya fi ni gaskiya.

Talata, da rana

'Yar Murmushi ta zo har gida da lemo a leda. Ta ce ran nan makirfonta ne ya lalace. Na ce Allah ya ba shi lafiya. Ta ce, "Yaya, don Allah ki zo ki yi. Ofis ba daɗi ba ke. In ba ki yi ba, ni za a sa, kuma kin san ba zan iya cewa a'a ba." Tana faɗa tana murmushi, idonta kuma ya cika da hawaye. Na rasa ko in rungume ta ko in kore ta, sai na yanka mana lemon.

Laraba, da yamma

Na goge mayafin.

Alhamis, da yamma

Na je da niyyar yi. Ina so wannan ya zauna a rubuce, don kada gobe in yi wa kaina ƙaryar jarumta. Na yafa shuɗin mayafina, na hau mota, na gaishe da mai gadi, na shiga ɗan ɗakin da muke ɗaukar bidiyo. Mai kyamara ya buɗe tsohon hoton a gefe yana gwadawa, ya ce in ɗan ja mayafin baya, ranar goshina ya fi fitowa. Na ja. Ya ce in matsar da kofin ruwa hagu. Na matsar.

Manaja ta miƙo mini takardar, ta ce bari a kunna mini inda za a yanke don muryata ta hau daidai. Aka kunna. Na ji kaina ina cewa, "Ga wata nas da ke jinyar tsofaffi, ta rubuto tana cewa..." Mai kyamara ya tsayar. Manaja ta ce, "Yauwa, daga nan za ki ɗora."

Na ce, "Daga ina?"

Ta ce, "Daga 'tana cewa'. Farkon ya yi kyau, ba sai an taɓa shi ba. Masu kallo suna son jin an ambaci nas."

Na dubi takardar. Wato matar nan da ta rubuta ta sake rubutawa tana haɗa ni da Allah, ita ce yanzu za ta tambayi ko a sa kwalba a firiji.

Na ce, "A bakinta za ku sa?"

Manaja ta ce, "Wa ya san ta? Ba a faɗi sunanta ba."

Na ce, "Ni na san ta. Ita ma ta san kanta, kuma bidiyon nan take jira."

Ta cire tabarau ta ce kada in mayar da ƙaramin abu babba. Na ce likitocin ƙarya dai na haifa mata su da yawa, in tana so yanzu ma in ƙara mata ɗaya mai son sanin firiji. Amma wannan matar ba ni na ƙirƙire ta ba. Ta ce sake ɗaukar farkon sai an koma neman amincewar kamfanin maganin, kuma ita ta gaji da roƙo a kaina. In karanta ko in ajiye katin shiga ofis.

Na ajiye katin a kan takardar na fita. A bakin ƙofa mai gadi ya ce, "Har an tashi?" Na ce an tashi.

Juma'a, da safe

Baban yara ya haɗa mini shayi, ya cika sukari. Da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, da yamma

Na gaya wa Mama. Ta ce, "Dama na ga kin rame." Sai kuma ta tambaya ko za su karɓe kwamfutar. Za su karɓa.

Talata, da rana

An saki bidiyon. Na rantse ba zan kalla ba, na kalla. Da aka zo wurin, sai hoton kwalbar maganin ya rufe allo gaba ɗaya, ba fuskar kowa. Muryar 'Yar Murmushi ta fito tana cewa ga wata nas da ke jinyar tsofaffi tana son sanin yadda ake ajiye maganin a lokacin zafi. Ko ba ka gan ta ba ka san murmushi take yi. Farfesa ya bayyana da kwat ɗinsa ya ce wannan tambaya ce mai muhimmanci ƙwarai.

Ba a ga ɗinkin ba ko kaɗan. Aiki ya yi kyau, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Baban yara ya faɗa, ga shi ya tabbata: bidiyo ya fita yadda suke so, ni kuma ina gida.

Laraba, da hantsi

Nas ɗin ta kira. Ta ce, "'Yar'uwa, na kalla daga farko har ƙarshe, na mayar baya na sake kalla. Ni ban tambayi firiji ba. Ko kaina ne ya fara taɓuwa? Na riga na gaya wa likita yau zan nuna masa."

Na ce kanta ƙalau yake. Na gaya mata duka, har da katin. Ta yi salati, ta fara ba ni haƙuri, na ce ta bar shi, ba ita ba ce. Na ce ta turo mini lambar likitan.

Na daɗe ina kallon lambar kafin in danna. Ya ɗauka da muryar wanda ake jira a wani wuri. Na gaishe shi, na faɗi sunana, na ce a kan taron nan ne da nas ɗinsa ta yi masa magana.

Ya ce, "Daga wane kamfani kike kira?"

Na buɗe baki zan faɗi sunan da na saba faɗa, sai na tuna.

Na ce, "Ba daga ko'ina ba, Likita. Daga gidana. Ni ce na karanta tambayar, kuma ina wurin lokacin da ya amsa."

Can na ji ya ja kujera.

Ya ce, "To, faɗa mini abin da ya ce."